Motar da Kakanmu Ya Ɗauka

Shekarun baya, lokacin ina ajin ƙarshe a jami'a a Kafin Hausa, ina karanta Tarihi, na tafka wata kwaɓa wadda har yau in na tuna sai in ji kamar in kashe waya in shige ƙarƙashin gado. Yanzu dai ta wuce, an yi dariya an gama, shi ya sa zan iya ba ku. Wanda ya san ni a makaranta don Allah ya riƙe bakinsa a kwament har in kai ƙarshe.

A gidanmu akwai wata magana da na tashi ina ji. Baffana, yayan mahaifina, shi ne mai ita. Biki ne, suna ne, ko zaman gaisuwa, da an fara hirar mutanen da sai ya gyara hula ya ce, "Kakanmu fa shi ne mutum na farko da ya ɗauki mota a duk ƙasar Dutse. Tun farkon zuwan Turawa." Kakan nasu shi ne mahaifin kakata, wadda muke ce wa Iya. Ku kun san me ake nufi in an ce wane ya ɗauki mota. An je wajen dila, an fito ana kaɗa makulli a yatsa, abokai suna ta "Allah ya sa alheri". To ni haka na ɗauke ta tun ina firamare, kuma ba wanda ya taɓa gyara min.

Akwai ma shaida. A gidan Iya, a wani ƙauye bayan Kiyawa, ƙofar ɗakin awakinta ƙofar mota ce. Da gaske nake. 'Yar gajeriya, bayanta farin ƙarfe mara nauyi irin na tukunya, cikinta katako, da mariƙi mai lanƙwasa. Kowa a gidan ƙofar Bature yake ce mata. Ina yaro ban damu da ita ba, lilo kawai nake yi a jikinta Iya tana ɗura min zagi.

Da lokacin zaɓen taken furojet ya zo, wato binciken kammala karatu, 'yan ajinmu kowa ya kama tarihin kasuwar garinsu. Kasuwa kaza daga kafuwarta zuwa yau. Na ce ni ba ajina ba ne wannan. Na hau bas, na hau acaɓa, na sauka gidan Iya, na durƙusa cikin kashin awaki da farin wandona na haska fitilar waya a ƙasan ƙofar. Sai ga wani ɗan falle na tagulla kamar yatsu biyu, an kafe shi da ƙusa. Na goge da lemon tsami da toka, rubutu ya fito: sunan wani kamfani da sunan wani gari a Ingila. Ba zan faɗi sunan ba, ba talla na zo yi musu ba.

Na hau kan katangar gidan don a nan kaɗai ake samun sabis, na buga sunan. Jama'a, kaina ya ɗau caji. Ashe mutanen nan tun kafin a ƙirƙiro mota suke. Kekunan doki suke ƙera wa manyan ƙasarsu, irin masu rufi da labule da kujerun fata. Da mota ta fito, dawaki suka fara zama tarihi, sai suka juya. A zamanin, mai hali ba ya sayen mota a haɗe. Kamfani ɗaya zai sayar maka da inji da tayoyi da ƙarfen ƙasa, wanda makanikai ke ce wa shasi, tsirara haka. Sai ka kai wa irin waɗannan su yi maka bodi. Kamar dai ka sayi shadda ka kai wa tela. Su auna, su tambaye ka kana sa doguwar hula ko a'a don su san tsayin rufi, kafintocinsu su haɗa ƙashin bodin da katako, maƙera su bubbuga ƙarfe da guduma su lulluɓe, masu fenti su yi ta shafawa suna gogewa har ka ga fuskarka. Mota ɗaya sai ta ci watanni. Daga baya da manyan masana'antu suka fara buga bodin ƙarfe da inji kamar ana yanka biredi, sai irin waɗannan gidajen suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, wasu aka haɗiye su.

Ina kan katanga na yi lissafi shap-shap. Ƙofar nan daga motar manya take. Kakanmu ya ɗauki mota. Ke nan kakanmu motar manya ya ɗauka, ɗinkin hannu, daga Ingila. Saura kaɗan in faɗo kan akuya.

Kafin in koma makaranta na riga na sa hoton a sitatus da rubutu, "Jini ba ya ɓuya." Allah ya yafe min. A hostal kuwa na cika wa mutane kunne. In an ce mu haɗa mu dafa taliya sai in ce, "Ku dai ku ci, mu gidanmu tun kafin a yi kwalta muke da mota." Abokina da muke ɗaki ɗaya, wani ɗan Buji mai bakin tsiya, ya sa min suna Magajin Mota. In zan hau acaɓa sai ya ruga ya yi kamar yana buɗe min ƙofa, yana cewa, "A hankali ranka ya daɗe, kar jinin sarauta ya zube." Ni kuma wai daɗi nake ji.

Sufabaizana, malamin da ke duba aikin nawa, wani Dakta ne siriri, mai magana ƙasa-ƙasa, wanda bai taɓa yin dariya a gabanmu ba. Na miƙa masa take: Motar Alfarma ta Farko a Ƙasar Dutse da Iyalin da Suka Mallake Ta. Ya karanta, ya kalli hoton, ya kalle ni ta saman tabarau.

Ya ce, "Wa ya gaya maka?"

Na ce, "Baffana, Dakta."

"Shi wa ya gaya masa?"

"Mahaifiyarsa. Tana nan da rai."

"To madalla. Ka ɗauko muryarta. In ba muryar tsohuwar nan a cikin aikin, ba za ka shiga difens ba. Sai baɗi."

Wanda bai yi jami'a ba, difens ita ce ranar da za ka tsaya gaban malamai ka kare abin da ka rubuta. In ka rasa ta, shekara guda ta tafi, abokanka su tafi bautar ƙasa kai kana nan kana gaisawa da sababbin 'yan ajin farko. Na ce masa ba matsala, Iya ai tawa ce.

A nan ne na yi wautar da ta fi kowacce. Ban je ba. Na ce muryar Iya ai minti biyar ne, sai a ƙarshe. Na zauna na zuba babi uku a kan kamfanin Ingila, da irin katakon da suke amfani da shi, da yadda ake ɗora mota a jirgin ruwa zuwa Ikko, a sa ta a jirgin ƙasa zuwa Kano. Na rubuta babi na huɗu a kan yadda, a ganina, kakanmu ya yi arziki da fataucin gyaɗa da fatu. Ba wanda ya ce min ya taɓa sayar da ƙwayar gyaɗa ɗaya. Ni na ga ya dace da shi. Sai da aka kafe takardar difens a allo, saura sati uku, sannan na ɗau jaka na nufi Kiyawa.

Na samu Iya a tsakar gida tana tsince wake. Ko sallamata ba ta gama amsawa ba ta ce, "Wannan wane irin aski ne? Maigida, kai ne ko tsintsiya? Ni dai na fasa auren, ka ba ni takardata."

Na ce, "Iya, ke da wa zai kwasa in na sake ki? Zauna mu yi magana, aikin makaranta ne."

Na ajiye waya a gabanta na danna. Ta janye ƙafa kamar na ajiye kunama. Wai ita ba za ta yi magana a cikin abin da ake jin muryar matattu ba. Na yi bayani, na yi rantsuwa, na kunna mata muryata ta ji. Ta ce to ai ga shi nan, muryar ma ta fi ta gaske muni. Ranar haka muka wuni. Na tambaye ta mota, ta ba ni labarin akuyarta da ta haifi uku. Na sake tambaya, ta tambaye ni yaushe zan kawo mata kishiya. Da la'asar ta ce kanta yana ciwo, kuma ba a tuna mutanen da da baki a bushe. Na gane karatun. Na koma Kiyawa na sayo goro da madara da ganyen shayi.

Washegari da hantsi, bayan ta sha kofi biyu, ta yarda a ajiye wayar amma a kife, wai kar ta riƙa kallonta. Na danna, na gyara murya irin ta 'yan rediyo.

Na ce, "Iya, an ce Baba, mahaifinki, shi ya fara ɗaukar mota a ƙasar nan."

Ta ce, "Ƙwarai. Shi ne a gaba ma."

Na ji daɗi. Na ce, "A gaba, wato a wajen tuƙi?"

"A gaba dai. Don ya fi su wuya. Saurayi ne lokacin, ko auren fari bai yi ba. Masassaƙi ne, kullum yana ɗauko gungume daga daji, to ka ga ya saba. Ya ce da ya ga abin, sai ya tuɓe rigarsa ya ƙara a kan gammon."

Na ce, "Wane gammo?"

Ta ce, "Gammon da ya sa a ka mana."

"A ka?"

Ta daina tsince waken ta kalle ni. "To a ina ake ɗaukar kaya, a hanci? Wai kai me ake koya muku a makarantar nan?"

Wallahi jama'a na ji tsakar gidan ta juya. Na ce, "Iya, tsaya. Tsaya. Ɗauka fa aka ce. Ya ɗauki mota. Ya saya."

Dariyar da tsohuwar nan ta yi, sai da wake ya zube. Ta yi tari, ta share hawaye, ta kira maƙwabciyarta ta katanga, "Zo ki ji mijina! Wai Baba ya sayi mota! Baba da ko jaki sai da ya haifi 'ya'ya huɗu sannan ya mallaka!"

Duk wannan waya tana ɗauka.

Da ta huce sai ta ba ni labarin tiryan-tiryan, yadda ta ji daga bakinsa. Ta ce wani babban Bature ne ya taso daga wajen Kano zai yi gabas, a ƙarshen damina. Mutanen ƙauyen ba su taɓa ganin mota ba, da suka ji ƙugi mata suka kwashi yara suka shige gonar dawa. Hanya kuwa ta jakai ce. Da motar ta zo wani rafi sai ta nutse a yashi har ciki. Aka tura, aka ja da igiya, ko motsi. Sai direban Baturen ya shiga ƙarƙashi da sifana ya kwance notuna, ya raba ɗakin motar da ƙafafunta. Haka Iya ta ce, ɗaki da ƙafafu. A raina na ce, bodi da shasi, abin da na cika babi guda ina bayani, ga shi tsohuwa ta gama a kalma biyu.

Aka aika wa mai gari ya kawo maza. Ba tambaya ba ce, ta ce, wanda ya ƙi ya san sauran. Aka ɗaura wa ƙafafun igiya wasu suna ja, ɗakin kuma aka zura itatuwa a ƙarƙashi aka ɗora wa mutane a ka. Suka haye rafi suna cewa an gama, sai aka ce gaba ma yashi ne, a ci gaba. Wuni guda da rabi suna tafe. Baturen yana kan doki a gefe da lema, yana nuna fentin da bulala yana faɗa, tafinta yana cewa wai kar gumin hannunsu ya ɓata.

Ta ce, "Ko ruwa ba a ba su ba, sai in an zo rijiya su roƙa. Wuyan Baba tun daga ranar ya karkace hagu. Ni ban taɓa ganin sa a miƙe ba. In zai kalle ka sai ya juyo da jikinsa duka."

Ƙofar kuma, wani ne a baya ya taka ƙaya ya durƙusa, ɗakin ya kife gefe ya bugi kututture, katakon da ke riƙe da ita ya tsage ta faɗi. Bature ya yi ta ihu har ya koma ja. Da aka kai ƙasa mai tauri aka mayar da ɗaki kan ƙafafu, ƙofar ta ƙi zama. Aka jefar da ita gefen hanya wai za a aiko a ɗauka, Baturen ya shiga motarsa da ƙofa uku ya tafi. Ba wanda ya zo. Baba ya jira kwana uku, ya koma ya ɗauko ta ya binne a cikin rumbu ƙarƙashin gero, shekara da shekaru, yana tsoron kar a ce sata ya yi. Da gara ta cinye katakon Turawan, ya sa gizago ya sassaƙa mata sabo da ƙirya, ya mayar da fallen tagullar inda ya gan shi.

Wato katakon da na yi shafi shida ina yabo, wai daga dazukan Ingila, ƙirya ce daga bayan gari.

Na fita waje na hau katanga na kira Baffa. Ko gaisuwar kirki ban yi ba, Allah ya yafe min.

Na ce, "Baffa, kai fa ka ce kakanku ya ɗauki mota."

Ya ce, "To ƙarya na yi?"

"A ka fa ya ɗauka, Baffa!"

"Eh mana. Da a ina ka zata?"

"Na zata saya ya yi!"

Ya ce, "Ni na taɓa ce maka saya? Ɗana, ka taɓa ji na ce saya? Ku yaran yanzu ku ne kuka lalata Hausa. Ku sayi abu ku ce kun ɗauka, ku ci abinci ku ce kun zuba. Ka gaida Iya." Ya kashe.

Na koma makaranta. Saura kwana goma sha tara. Na kunna wa abokina muryar, ya kwanta a ƙasa yana dukan katifa. Sai da ya gaji ya tashi zaune ya ce, "Mutumina, kwantar da hankali, ba a nan za ka mutu ba. Yanke kawai za mu yi. A bar inda ta ce shi ne a gaba, a cire gammo, shi ke nan. Dakta ai ba zai je Kiyawa ba."

Ba zan yi muku ƙaryar waliyyantaka ba, na zauna na gwada. Na sauke manhajar yanka murya, na sa abin kunne. Sau goma sha ɗaya Iya ta ce gammo, na ƙirga. In na cire wannan sai wani ya fito. In na cire duka sai maganar ta koma kamar rediyo mai mutuwar batir. Ina cikin ja da baya ina saurare, na yi ta maimaita inda take cewa ba ta taɓa ganin wuyansa a miƙe ba. A wajen muryarta ta sauka, ba wasa a ciki, ba zolaya. Sau huɗu na ji. Na cire abin kunnen na ce wa abokina na fasa. Ya ce, "To Allah ya ba da sa'a, sai mun zo maka ziyara baɗi da kakin bautar ƙasa."

Da safe na je ofishin Dakta na tsaya kamar wanda aka kama da kazar maƙwabta. Na gaya masa komai. Ya saurari muryar daga farko har ƙarshe, har da inda Iya ke kiran maƙwabciya. Fuskarsa ko gezau.

Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Dakta?"

"Tun ranar da ka kawo taken. Masassaƙin ƙauye a wancan zamanin, da irin wannan motar? Ko manyan attajiran birni sai su yi tunani."

Raina ya ɓaci har na manta da wa nake magana. Na ce, "To Dakta me ya sa ba ka gaya min ba? Wata huɗu fa!"

Ya ce, "Na ce maka ka je ka ɗauko muryarta. Wata huɗu da suka wuce. Ni ne ɗalibin?"

Ya ja takardata ya soke taken da jan biro, ya soke babi na huɗu gaba ɗaya da layi ɗaya daga sama har ƙasa, gyaɗa da fatu duk suka tafi. Ya ce babi ukun nan na kamfanin Ingila in matse su su koma ɗaya, don mai karatu ya gane me ya sa motar take rabuwa biyu. Sauran kuma in koma ƙauyukan da ke kan tsohuwar hanyar in nemo wasu tsofaffin da iyayensu suka sa kai a ƙarƙashin ɗakin nan. "Baki uku aƙalla, har da na kakarka. In ka kawo kafin a rufe karɓa, ka shiga. In ba ka kawo ba, ka san hanya."

Kwanakin nan ba na son tuna su. Acaɓa ta kwance min ƙugu. Wani tsoho na same shi a gona ya ce sai na taya shi ɗaure dami uku kafin ya buɗe baki, da ya buɗe kuma ashe labarin jirgin sama yake da shi. Wata tsohuwa ta ce a'a, ba mota ba ce, akwatin gawa ne. Amma na samu biyu da suka faɗi abin da ya yi daidai da na Iya, har ɗaya ya ce mahaifinsa ne ya taka ƙayar, kuma har ya mutu ana tsokanarsa da ita. A waya na rubuta rabin aikin, a bayan bas, da manyan yatsu biyu, wayar tana zafi kamar dutsen guga. Na miƙa ranar ƙarshe, sakatariya tana neman makullin ofis.

Ranar difens, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya ce yana so ya ji muryar da kunnensa. Na yi niyyar in tsallake farkon, sai na yi kuskure na danna daga tushe. Sai ga Iya a lasifika, a gaban malamai da duk 'yan ajinmu: "To a ina ake ɗaukar kaya, a hanci? Wai kai me ake koya muku a makarantar nan?"

Zauren ya fashe. Baƙon malamin ya cire tabarau yana share ido, ya juya ya ce wa shugaban sashe, "Tambayar nan taku ce, ba tasa ba." Har Dakta na ga gefen bakinsa ya motsa, ina da shaidu. Amma da aka zo wajen wuyan, dariyar ta tsaya cak. Aka yi min tambayoyi kusan rabin awa, na amsa abin da na sani, wanda ban sani ba na ce ban sani ba, karo na farko a rayuwata. Na ci. Ban maimaita shekara ba. Kafin in sauko daga bene abokina ya riga ya canza min suna a gurup ɗin aji daga Magajin Mota zuwa Gammo, kuma har yau akwai waɗanda ba su san sunana na gaskiya ba.

Da aka ɗinke aikin da baƙin bango na kai wa Iya kwafi ɗaya. Ba ta karatun boko. Ta juya shi, ta auna nauyinsa a hannu, ta ce, "Baba yana ciki?" Na ce yana ciki. Ta ce in nuna mata inda yake. Na buɗe na ɗora yatsanta a kan sunan. Ta daɗe ba ta ɗauke ba. Sannan ta ja hanci ta ce, "Ƙanana ka yi rubutun, kamar ƙwaro. Mutum ƙato guda." Ta naɗe littafin a zani ta sa a ƙasan adakarta.

Iya ta rasu bayan na gama bautar ƙasa, Allah ya jiƙanta. Muryar tana nan, na ajiye ta wuri uku saboda tsoron waya. In na kunna, har yanzu haushi nake fara ji kafin komai. Haushin Baffa da bai taɓa ƙarasa zance ba, haushin Dakta da ya zuba min ido wata huɗu ina gini a kan iska, sannan haushin kaina wanda ya fi duka. Tsohuwar nan tana zaune a tsakar gida duk tsawon rayuwata, awa biyu a mota, da labarin a bakinta, ni kuma ina kan katanga ina tambayar Ingila. Tambaya ɗaya kawai nake buƙata, "ta yaya?", kuma ban furta ta ba don ina tsoron amsar ta ɓata min sitatus.

Na tafi neman kakan da ya zauna a cikin mota, na dawo da wanda mota ta zauna a kansa. In kuna da tsoho a gida, ku sayi goro ku je yau, ku bar shi ya kai ƙarshen zancen kafin ku buga wa duniya.